Marubuta, wa zai rubuta labarin mai shan “sha ka fashe”?

A Amurka littattafan matasa na maganar yarinyar da ke ƙin abinci don ta rame. Mu nan Damana da Filinge abin a juye yake: ɗiya ƴar kwalej a ce mata “sanda”, sai ta nufi mai tebur ta sayi dexamethasone. Jama'a, wannan ba ƙibar lafiya ba ce! Fuska ta cika, hawan jini da ciwon suga su biyo baya, ƙashi ya yi rauni.

Amma buɗe littafin soyayya a waya: kowace tauraruwa fara ce sol, ƙugu cike. Kun iya shafi uku kan dirinta, malamai. Ranar da aka kwashi mai karatunku zuwa asibiti a Yamai fa, ina alƙalumanku?