Yaro Da Bindiga A Hannu

A birnin Sakkwato Runduna ta 8 ta sojan Nijeriya take da mazauninta, daga nan kuwa akan tura sojoji dazuzzukan Isa da Sabon Birni su yaƙi 'yan bindiga. A cikin mutanen dajin nan har da yara waɗanda ko gemu bai tsiro musu ba. Waɗansu satarsu aka yi, waɗansu kuwa yunwa da maraici suka kai su.

Akwai masu cewa ɗan maciji maciji ne, duk yaron da aka gani da bindiga a gama da shi, ko a kulle shi har abin da hali ya yi. Wannan magana ɓata ce. Laifin yana wuyan babban da ya ɗanƙa masa bindigar. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe yara a wurin yaƙi. Ran Uhudu ya mai da Abdullahi ɗan Umar gida, don shekarunsa 14 ne kawai. Mutanen garin Shehu ba su da uzurin jahiltar wannan.

Gaskiya ne harsashin yaro yana kisa kamar na babba, kuma ba mai hana soja kare ransa. Amma fa ba a fafe gora ranar tafiya. Sojan da ba a koya masa kome ba, in ya yi arba da yaro, ɗayan biyu ne: ko hannunsa ya mutu a harbe shi, ko ya buɗe wuta a kan kowa, ya zo yana nadama har ƙarshen ransa. Saboda haka wajibi ne tun a Dafo na Zariya, inda ake horon kurata, a koya wa soja yadda zai yi gargaɗi, da yadda zai ba yaro hanyar ajiye makami, da yadda zai riƙe shi in ya miƙa wuya.

An riga an ga illar rashin wannan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya yara fiye da 3,600 da soja suka tsare daga 2013 zuwa 2019 a yaƙin Boko Haram, da yawa a barikin Giwa na Maiduguri. A 2022 Gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya, cewa yaron da soja suka kama za a miƙa shi ga hukumar farar hula cikin kwana 7.

To, alkawari kaya ne. Abin da ya wajaba ga yaron Barno ya wajaba ga yaron Isa. Ya kamata malamai da sarakuna da iyaye su riƙa tambayar manyan soja: yaran da aka kamo, ina suke, kwana nawa suka yi, wa aka miƙa wa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka kai makaranta yau, gobe manomi ne ko malami. Wanda aka bari a kurkuku cikin manyan ɓarayi kuwa, daji zai koma.