Hatsin Godiyar Kaka

Kaka ta yi, motocin 'yan kasuwa sun cika ƙauyukanmu. Wanda ya ci bashin taki zai miƙa masararsa da araha, a kai ta Dawanau, a watan Yuli kuma ya sayi tiya da tsada. Mu ma da namu laifin: hatsin godiya da muke tarawa gaban bagade, mukan sayar a makon don sayen kwanon rufi. Yusufu kuwa ya shawarci Fir'auna a ajiye kashi 1 cikin 5 tun ana ƙoshi. Muna roƙon dattawan kowace ikilisiya bana su ware ɗaki guda, zumuntar mata ta riƙe makulli, a buɗe wa gwauraye da marayu da tsakiyar damina.