Takardar Koke Kan Takardu da Hotunan Iyayenmu 'Yan Bama

Zuwa ga:
Mai Girma Ministan Tsaro,
Tarayyar Najeriya,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

KOKE KAN TAKARDUN AIKI DA HOTUNAN SOJOJIN NAJERIYA NA YAƘIN DUNIYA NA ƊAYA DA NA BIYU

Muna roƙon Mai Girma ya saurari kukanmu. Mu da muka sa hannu a ƙarshen wannan takarda 'ya'ya ne da jikokin mutanen da aka ɗauka soja a zamanin Turawa, aka kai su fagen fama a Kamaru da Gabashin Afirka da Habasha da ƙasar Bama. A garuruwanmu 'yan Bama ake ce musu, ko a ce wane ya je yaƙin Hitila. A cikinmu akwai Musulmi da Kirista, akwai manomi da malamin makaranta da ɗan fansho. Kukanmu ɗaya ne. Ranar da aka ɗauki iyayenmu an rubuta su a littafin hukuma, da lamba da gari da bataliya, amma yau mun rasa wanda zai buɗe mana wannan littafi.

ASALIN MAGANAR

Mai Girma ya fi mu sanin cewa rundunar sojan ƙasar nan tana ƙidaya shekarunta ne daga 1863, lokacin da Bature Gulofa ya tara dakarun Hausawa a Legas. Daga baya Lugga ya kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897, Hausa kuma ta zama harshen bariki. A yaƙin farko iyayenmu sun gwabza da Jamusawa a Garwa da Mora, suka wuce Gabashin Afirka inda aka yi musu ɓarna mai yawa a Mahiwa a 1917. A yaƙi na biyu birged ɗin Najeriya ce ta shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, ta bi Italiyawa har Harar. Daga 1943 aka fara kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya. A yankin Arakan na ƙasar Bama, runduna ta 81 ta shiga kwarin Kaladan, ta 82 ta bi kwarin Kalapanzin, suka haɗu a Miyohong a watan Janairun 1945. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 kuwa an haɗa su da dakarun Janar Winget da ake kira Cindit, waɗanda suka yi yaƙi a bayan layin Japanawa. Sarkin Katsina Usman Nagogo da kansa ya je ya gano su a can. Yawancin masu sauran kwana a 1946 suka dawo gida.

Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai aka tara su. Wasu sun je da ƙafarsu, wasu kuwa sunansu aka miƙa. Har daga ƙasar Nijar da Cadi akwai waɗanda suka ƙetaro aka rubuta su a matsayin 'yan Najeriya. Duk wannan ɗawainiya da takarda aka yi ta, kuma takardar muke nema.

ABUBUWAN DA MUKE KUKA DA SU

Na ɗaya, babu ƙofar da aka ware mana. Waɗanda suka rubuta wasiƙa Ingila daga cikinmu, amsar da suka samu ita ce takardun aikin sojojin da aka ɗauka a nan an bar su a nan. Da muka juyo gida, wannan ofishi ya ce a je wancan, wancan ya ce sai an kawo takarda daga sama, wani kuma ya ce mai riƙe da makulli ya yi tafiya. Akwai dattijuwa a cikinmu da ta sayar da akuyarta ta yi kuɗin mota, aka tsayar da ita a bakin ƙofa aka ce ta faɗi lambar mahaifinta kafin ta shiga, alhali lambar ce ta zo nema. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya. Wasiƙunmu sun shekara ba ko takardar shaidar karɓa.

Na biyu, sunan da aka rubuta a bariki sau da yawa ba shi ne wanda aka raɗa ranar suna ba. Akawun ɗaukar kurata yakan ɗauki sunan mutum ya liƙa masa sunan gari ko na ƙabila, sai ka ji Audu Kano, Garba Zariya, Musa Bauci. A bataliya ɗaya ana iya samun masu suna iri ɗaya da yawa, lamba kaɗai ke raba su. Wani ya ɓoye sunan ubansa don kada a biyo sawunsa daga gida, wani kuma Bature ya rubuta abin da kunnensa ya jiye masa. Saboda haka jika zai zauna gaban kwamfuta ya buga sunan kakansa na gaskiya, ba abin da zai fito, ko kuma mutum goma su fito ya rasa wanne ne nasa. Maganin wannan shi ne rajistar da ta haɗa lamba mai farawa da NA da sunan uba da ƙauye da gundumar hakimi. Wannan rajista ba ta hannun kowa sai hukuma.

Na uku, abin da ya rage a gidajenmu ba ya magana shi kaɗai. A adakar ɗaya daga cikinmu akwai tauraron Bama mai tsini shida, ƙyallensa ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe. In ka juya bayansa sumul yake, domin Ingila ba ta buga suna a lambobin yabon yaƙi na biyu ba, saɓanin na yaƙin farko da ke ɗauke da suna da lamba. Littafin sallamar da ke tare da shi gara ta cinye daidai wurin da aka rubuta bataliya. A wani gidan hoto ne ɗan ƙarami da ya koma ruwan ƙasa, samari uku tsaye da malafa, ba rubutu a baya. Sai da wani masani ya ɗora gilashi a kan kafaɗar na tsakiya ya ga gizo-gizo baƙi, alamar runduna ta 81. Da masu biyu ya gani a gicciye kan gammo, da ta 82 ce, wadda ta ɗauki gammo don girmama 'yan ɗaukar kayan da suka yi dakon harsashi da abinci a ka cikin dajin da mota ba ta shiga. Sauran samari biyun kakannin wasu ne, wataƙila ma jikokinsu na cikin masu wannan koke, amma babu inda za mu kai hoton a gwada.

Na huɗu, waɗanda ba su dawo ba. Akwai gidajen da har yau ba su san ranar da nasu ya rasu ko inda aka binne shi ba. Akwai matan da suka yi shekaru ba su san takaba za su yi ko jira ba, akwai gadon da aka raba bisa zato. Alhali kaburburan 'yan Najeriya suna nan a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, da ta Citagong a Bangaladash. A Taukkyan ɗin akwai ginshiƙan tunawa masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da namu a ciki. An share wurin, an dasa furanni, amma ba wanda ya zo ƙauye ya ce wa iyali ga inda naku yake. Na yaƙin farko lamarinsu ya fi muni. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto cewa mutum aƙalla 116,000, mai yiwuwa har 350,000, yawancinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, wasu dubbai kuma, har da 'yan Afirka ta Yamma, ba a yi musu yadda aka yi wa Turawa ba. Sakataren Tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisa. Waɗanda suka yi laifin sun amsa, saura mu ji ƙasarmu ta nemi jerin sunayen 'ya'yanta.

Na biyar, takardun da ke gida suna mutuwa, waɗanda ke waje kuma sun fi ƙarfinmu. A ɗaya daga cikin ɗakunan ajiyar da muka samu shiga, mun ga fayil-fayil ɗaure da igiya a ƙasa, rufi na yoyo, takarda in ka ɗaga ta sai ta karye a hannunka. Ma'aikatan wurin sun yi mana iya ƙoƙarinsu, kayan aiki ne babu. A can Landan kuwa, ma'adanar takardun gwamnatin Ingila da ke unguwar Kew tana riƙe da littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum, gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum kuma yana da hotuna da finafinan sojojinmu. Sau da yawa za ka ga an ambaci sunan hafsan Bature a ƙarƙashin hoto, baƙaƙen da ke gefensa kuwa sai a ce sojojin Afirka ta Yamma kawai. Mu ne za mu iya gane fuskokin nan, amma biza da kuɗin jirgi da Turanci sun shiga tsakani.

Na shida, an girmama wurare an bar mutane. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, na Cindit a Zariya, na Dodan da Arakan da Miyohong a Legas, duk daga yaƙin Bama suka samo suna. Yaro zai girma a gindin katangar Dalet bai san kakansa ya tsallaka kogin da ake kira haka ba. In ka cire irin su Samanja Cari Maigumeri da aka sa wa barikin Lakwaja sunansa, ƙananan sojojin wancan zamani kaɗan ne hukuma ke ambato. Har labarin ma sai da marubuci Biyi Bandele, haifaffen Kafancan, ya tsamo shi daga hirar mahaifinsa ya rubuta littafin Burma Boy a 2007, kafin matasa da yawa su ji. Kowace 15 ga Janairu muna kallon ana ajiye furanni ana sakin tantabaru don tunawa da 'yan mazan jiya, ba mu taɓa jin an karanta sunan ɗan Bama ko ɗaya ba.

ABIN DA MUKE ROƘO

1. A ware ofishi ɗaya da jami'i sananne mai karɓar tambayar iyalan tsofaffin sojoji, ya riƙa amsawa a rubuce, da Hausa ga wanda ya rubuto da Hausa, ya kuma sami wakili a Kaduna don sauƙaƙa wa mutanen Arewa.

2. A kafa kwamiti ya binciko inda rajistar ɗaukar kurata da takardun sallama da na fansho na 1914 zuwa 1946 suke, ya bayyana wa jama'a abin da ya rage da abin da ya salwanta. In wuta ko ruwa ko gara sun ci, a faɗa mana mu haƙura. Rashin sani ya fi dare duhu.

3. A ɗauki hoton duk abin da aka samu a zuba a kwamfuta, a tsara shi yadda za a iya nema da lamba, ko da gari, ko da sunan uba, tare da la'akari da yadda Turawa suka karkatar da rubutun sunayenmu. A haɗa da takardun En'e da na larduna, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda daga 1939 ta riƙa buga labarin yaƙin.

4. Gwamnati ta nemi kwafin littattafan bataliyoyi da hotuna da finafinan da ke Landan, gwamnati da gwamnati, a ajiye a Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, kowa ya gani kyauta.

5. A karɓo jerin sunayen waɗanda aka binne ko aka rubuta a Bama da Indiya da Bangaladash da Gabashin Afirka, a rarraba shi lardi-lardi, a aika wa masarautu, a karanta a gidajen rediyo. Hanyar da aka bi aka ɗebi mutanen nan, ta hakimi da dagaci da mai unguwa, ita ce za ta mayar da labarinsu gida.

6. A tura matasa masu na'urar ɗaukar murya su bi ragowar tsofaffin da matansu da manyan 'ya'yansu. Wanda aka ɗauka yana ɗan shekara 18 a 1943, yau ya kai ɗari. Wannan aiki ba ya jiran kasafin baɗi.

7. A kafa allon sunaye a kowane barikin da ke ɗauke da sunan fagen fama, a rubuta waɗanda suka faɗi a wurin.

NAMU ALKAWARIN

Ba mu zo hannu rabbana ba. Za mu fito da littattafan sallama da lambobi da hotuna da wasiƙun ajami da ke cikin adakokinmu a ɗauki hotonsu, muddin za a yi a gabanmu a mayar mana da abinmu, domin a baya an karɓi na wasu da sunan bincike ba a dawo da su ba. A cikinmu akwai malaman tarihi da masu karanta ajami da za su yi aikin sa kai. Wannan takarda ba ta neman diyya ba ce. Zancen haƙƙin sallama da fansho yana nan, kuma ranar da za a tayar da shi, waɗannan takardun ne za su zama hujja ga kowane ɓangare.

Muna roƙon Mai Girma ya sa a ba mu amsa a rubuce, ya kuma sa mana ranar da wakilanmu za su zo su gabatar da abin da ke hannunsu, kafin bikin 15 ga Janairu mai zuwa. Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon sauke wannan nauyi, ya jiƙan mazan jiya.

Mu ne naka masu biyayya,
'Ya'ya da jikokin tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu,
daga Kano, Katsina, Zazzau, Sakkwato, Bauci, Barno, Adamawa da Filato.
(Sunaye da sa hannu da dangwale suna cikin takardar da ke liƙe.)

Kwafi zuwa ga:
Babban Hafsan Sojan Ƙasa
Shugaban Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Ƙasa
Daraktan Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa
Kwamitocin Tsaro na Majalisar Dattawa da ta Wakilai
Masu Martaba Sarakunan yankunanmu