Ba a Gama Ƙera Jirgin Ba, Amma An Gama Karɓar Kuɗinsa

Akwai wata kasuwa a duniyar wasannin kwamfuta inda mutum zai ƙirga dala 80 ya miƙa, mai kaya ya gaya masa baki da baki cewa bai gama haɗa kayan ba, shi kuma ya yi godiya ya tafi. Daga nan sai ya shafe shekaru yana cacar baki da 'yan uwansa masu saye a kan ko jirgin yana juyawa da saurin da ya kamata. Kasuwar ita ce ta wasannin kwaikwayon tuƙin jirgin yaƙi. Fushin masu buga su yana da dalili, sai dai sun bar jaki suna dukan taiki.

Wanda wasanninsa ba su wuce na waya ba, bari in ɗan buɗe masa. A wasa irin DCS World na kamfanin Eagle Dynamics, ana zaunar da kai a mazaunin matuƙi, kuma kusan kowane maɓalli da ke gabanka yana aiki. Kafin ka tashi sama da F-16 sai ka bi matakai jere da jere, ka jira na'urar gano hanya ta daidaita, kamar yadda matuƙin gaske yake yi. Har JF-17, irin jirgin da rundunar sojin saman Najeriya ta karɓi guda 3 a 2021, yana cikin wasan tun ƙarshen 2019. Akwai kuma Falcon BMS, da IL-2 Sturmovik mai jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, da War Thunder wanda ya fi su sauƙi da yawan jama'a. Mutane suna sayen sandar tuƙi da abin takawa, suna karanta littattafai masu ɗaruruwan shafuka. Wanda ya zuba irin wannan lokaci da dukiya, dole ransa ya ɓaci idan abu ya ƙi aiki.

Ƙorafinsu iri biyu ne, amma kullum a dunƙule ake kawo su. Na farko shi ne abin da mu masu rubuta manhaja muke kira ƙwaro: manhaja ta yi abin da mai ita bai nufa ba. Ka harba makami mai linzami ya ratsa ta cikin dutse ya fito, ko rada ta manta da jirgin da ke gabanta, ko wasan ya rufe kansa bayan ka yi awa guda kana tafiya wurin kai hari. Wannan saɓa alkawari ne, kuma ana iya tabbatar da shi. Na biyu shi ne cewa wasan bai yi kama da zahiri ba. Wannan kuwa magana ce ta zaɓi da ƙiyasi, kuma yawancinta babu mai iya yanke hukunci a kanta. Cakuɗa su wuri guda ya fi yi wa kamfani daɗi, domin muddin ana gardama a kan abin da ba shi da amsa, ba a tambayarsa abin da yake da amsa.

Mu duba zahirin da ake ta kira. Yadda F-16 yake a iska sananne ne gwargwado, domin hukumar NASA ta wallafa alƙaluman gwajinsa a cikin bututun iska tun 1979, kuma masu haɗa wasanni sun daɗe suna dogaro da su. Amma yadda makamin AIM-120 yake bin jirgi, ko yadda radar zamani take jure na'urorin rikita ta, sirrin soja ne. Mai haɗa wasa lissafi yake yi ya cike giɓi da hasashe. Mai buga wasan da ya rantse cewa makamin gaske ya fi haka nisa, shi ma hasashe yake yi, sai dai nasa ya fi ƙara.

Akwai kuma abin da kwamfuta ba za ta taɓa ba ka ba. F-16 yana iya juyin da zai ninka nauyin jiki sau 9. Matuƙi mai kilo 70 sai ya ji kamar kilo 630 ne a kan kujera, jini na gudu daga kansa, gani na dushewa. Kai kuwa kana zaune ƙarƙashin fanka da kofin shayi. Idon mutum yana hango ɗigon jirgi a nisan da allon kwamfuta ba ya iya zanawa, shi ya sa Falcon BMS yake da tsarin ƙara wa jirage na nesa girma da gangan, wato ƙaryar da aka yi don a kusanci gaskiya. Ga kuma intanet. Jirgin da ke gudun sauti a kusa da ƙasa yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa guda. Idan saƙo tsakaninka da kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa ya yi jinkirin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, abokin karawarka ya riga ya yi gaba da mita 68 daga inda labarinsa ya iso maka. Wasan ƙiyasta wurinsa yake yi ya zana maka. Duk wanda ya sayar maka da cikakken zahiri, tallar baki ya yi maka.

Duk da haka, a kan wannan tallar mutane suke jefa kansu cikin masifa. A Yulin 2021, wani mai buga War Thunder ya saka shafukan littafin tankar yaƙin Birtaniya, Challenger 2, waɗanda doka ta hana yaɗawa, don kawai ya nuna cewa an yi kuskure wajen zana sulken tankar. A Janairun 2023 aka maimaita da takardun jiragen F-16 da F-15E. Kamfanin Gaijin yana goge su, yana kuma nanata cewa doka ba ta ba shi damar amfani da su ba. Ka ga mutum ya ɗora aikinsa da 'yancinsa a kan faifai, kuma ko da gaskiya ce a hannunsa, babu abin da za a gyara. A rana guda, ƙwaron da kowa yake gani da idonsa yana nan zaune ba wanda ya taɓa shi.

Jakin da aka bari shi ne tsarin sayar da jirgi tun ba a gama shi ba. DCS World kyauta ne, da jirage biyu a cikinsa. Kuɗi yana shigowa ne daga sayar da sababbin jirage da taswirori. An fitar da F/A-18C a wannan tsari a 2018, F-16C kuma a Oktoban 2019, kuma F-16 ɗin ya iso ba tare da makamai da na'urori da yawa da aka jera a tallarsa ba, sai aka riƙa ƙaro su kaɗan-kaɗan cikin shekaru. Ba na zargin kowa da mugun nufi. Lissafin ne da kansa karkatacce. Jirgin da ka riga ka saya ba zai sake kawo ko sisi ba, sabo kuwa zai kawo. Gyaran hasumiyar kula da sauka da tashi, ko koya wa jiragen da kwamfuta ke tuƙawa hankali, ko rage nauyin wasan a kan na'ura, duk ayyuka ne masu cin wata da watanni, kuma babu ɗayansu da ake liƙa wa farashi. A kowane ofishin manhaja, aikin da ba ya kawo kuɗi shi ne ake ɗagawa zuwa wata mai zuwa. Kuma kowane sabon jirgi ƙarin kaya ne a kan tsohon gini. Idan kana da jirage 40 da makamai 100, haɗuwarsu kaɗai 4,000 ce, kowacce tana iya lalacewa ranar da aka taɓa wani layi a can wani wuri.

Abin ya fi muni idan wani kamfani ne daban ya ƙera jirgin. A ƙarshen 2018 kamfanin VEAO ya daina aiki, jirginsa Hawk ya daina tashi a sababbin fitowar wasan, waɗanda suka saya suka rungumi ƙaddara. A Afrilun 2024 rikicin kuɗi da yarjejeniya ya fito fili tsakanin RAZBAM da Eagle Dynamics, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗan uwansa laifi, aiki ya tsaya a kan F-15E wanda bai cika shekara da fitowa ba, tare da Harrier da Mirage 2000 da MiG-19. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, mutum ɗaya ne bai sa hannu a yarjejeniyar ba kuma shi ya kwana a ciki: mai saye.

Na san amsar da za a ba ni, domin a bakin abokan sana'ata nake jin ta. Za a ce manhaja irin wannan ba ta rabuwa da ƙwaro. Haka ne. A Fabrairun 2007, jiragen F-22 na gaske guda 6 da suka taso daga Hawaii zuwa Japan sun rasa na'urorin gano hanya lokacin da suka ƙetare layin sauya kwanan wata, sai da suka bi jiragen dakon mai suka koma. Idan hakan ta faru da sojin Amurka, wa zai tsira? Amma cikin 'yan kwanaki aka gyara, kuma babu wanda ya ce wa matuƙan su sayi wani jirgi kafin a duba nasu. Samun ƙwaro ba abin kunya ba ne. Barin sa shekara da shekaru, ana tallata sabon kaya a kansa, shi ne abin kunya.

Za a kuma ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ai an rubuta cewa ba a gama ba. To, an rubuta ranar da za a gama? Tela ma idan ya karɓi kuɗin ɗinki yakan ce ka dawo jajibirin sallah, kuma idan ya saɓa kana da bakin magana. Sharaɗin da ba shi da wa'adi kariya ce ga mai sayarwa shi kaɗai. Shagon Steam yana mayar da kuɗi ne idan ba ka wuce awa 2 kana wasa ba cikin kwana 14, alhali awa 2 ba ta isa ka koyi tayar da injin wasu jiragen ba, balle ka gano cewa radarsu tana da aibi.

Hujja ta uku ta fi ƙarfi: masu son irin wannan wasa kaɗan ne, in ba a karɓi kuɗi da wuri ba, ba za a ƙera jiragen ba sam. Akwai gaskiya a ciki. Amma tarihin fagen yana nuna abin da yake riƙe mutane. Falcon 4.0 ya fito a Disamban 1998 cike da ƙwari, aka wargaza masu haɗa shi bayan shekara guda, tushen rubutun manhajarsa ya fita waje a 2000. 'Yan sa kai suka ɗauka, daga nan aka sami Falcon BMS da ake bugawa har yau. Jirgi guda ne ginshiƙinsa, amma yana da yaƙin da ke tafiya da kansa a zirin Koriya: gadar da ka rusa jiya, yau ma a rushe take, kuma rushewarta tana hana tankoki wucewa. IL-2 Cliffs of Dover ma ya fito a gurgunce a 2011, ƙungiyar sa kai ta Team Fusion ta yi ta gyara har aka sake fitar da shi a 2017. Mutanen da ba a biya ba sun zaɓi gyara tushe, domin babu mai matsa musu su fitar da abin sayarwa. Jirage 5 masu lafiya a cikin duniya mai rai sun fi 40 a cikin kango.

Ga mai bugawa daga Kano ko Zinder, zancen ya fi zafi. Da dala ake saye, da naira ko sefa ake samu. Wasan da taswirorinsa suna cin ɗaruruwan gigabait, sabuntawa guda tana iya lashe datar wata. Idan sabuntawar ta zo da sabon ƙwaro, sai a sake sauke wata, ga wuta ba tabbas. Wanda ke Jamus haushi kawai zai ji, namu kuwa aljihunsa ne zai ji.

Mu kuma da muke wannan yanki muna da dalilin yin hattara da kalmar zahiri. A Janairun 2017 jirgin soja ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira a Rann, jihar Borno, gomman mutane suka mutu. Wannan yana cikin zahirin yaƙin sama, kuma babu wasan da yake kwaikwayonsa. Na'ura waɗannan wasanni suke kwaikwaya, suna kuma yi da kyau. Su tsaya a wannan da'awa, ta ishe su.

Abin da ya kamata a nema daga kamfanoni a bayyane yake. Kowane jirgi da aka sayar tun bai kammala ba ya zo da jerin abin da ya rage da wa'adin kowanne, in wa'adi ya wuce a mayar wa mai so kuɗinsa. A buɗe rajistar ƙwari kowa ya gani, da ranar da aka kawo rahoton kowanne. A ajiye tushen manhajar duk wani kamfanin waje a hannun amintacce, don in an ɓata, jirgin kada ya mutu. A kuma faɗi ɓaro-ɓaro wane sashe aka gina a kan takarda, wane aka gina a kan hasashe.

Masu bugawa kuma, ku daina cinikin biri a sama. DCS yana ba da gwajin kwana 14 kyauta a kan jirage da yawa, ku gwada kafin ku biya. In kun ga ƙwaro, ku rubuta abin da kuka danna, da abin da ya faru, da abin da kuka zata, ku haɗa da fayil ɗin da ya naɗi tafiyar. Rahoto guda irin wannan ya fi zagi ɗari amfani, kuma ƙaramin ma'aikacin da kuke zagi ba shi ya tsara ranar fitar da kaya ba. Sannan idan aka saki bidiyon sabon jirgi yana sheƙi a hasken yamma, ku tuna da wanda kuka saya shekaru uku da suka wuce, ku riƙe katinku a aljihu har sai an gama shi. Ranar da kuɗin sabon jirgi ya ƙi shigowa saboda tsoho bai gyaru ba, ranar za a zauna a gyara tsohon.