Lauyan Majinyaci Ba Abokin Gāban Likita Ba Ne

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a wannan fitowa, domin in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu magana a kan wani aiki wanda mutanenmu ba su cika ganin girmansa ba, watau aikin lauya mai tsayawa wa wanda aka ji wa rauni ta hanyar sakaci, ko a kan hanya, ko a wurin aiki, ko kuwa a gadon asibiti. In aka ce lauya a nan Abuja, abin da kan zo ran mutum shi ne shari'ar zaɓe da rikicin fili da shari'ar manyan da ake tuhuma da cin kuɗin hukuma. Amma lauyan da zai ɗauki ƙarar talakan da aka yi wa aiki aka bar shi da lahani, wannan kam yawancinmu kallon mai neman rigima mu ke yi masa. Ni kuwa a ganina ƙasar nan tana bukatar irinsa ƙwarai, kuma mu masu koyon aikin malanta ya kamata mu fi kowa sanin dalili.

Bari in fara da abin da ya auku a Kano, don ya shafe mu kusa. A shekarar 1996 aka yi annobar sanƙarau a Arewa wadda ta ci rayuka fiye da 10,000. Ana cikin wannan tashin hankali sai kamfanin magani na Amurka mai suna Pfizer ya aiko da likitocinsa Asibitin Zana, suka gwada wani sabon magani wai shi Trovan. Yara 200 aka sa cikin gwajin, wajen rabinsu aka ba su sabon maganin, sauran kuma aka ba su wanda aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, waɗansu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Kamfanin ya ce an gaya musu da baki, kuma ciwon ne ya yi kisan, ba maganin ba. To, wa zai raba wannan gardama? Iyayen nan talakawa ne, da yawansu ko karatun boko ba su yi ba, wanda su ke ja da shi kuwa yana can New York da dukiyar da ta fi ta waɗansu ƙasashe.

Lauyoyi ne suka ɗauki maganar. Waɗansu suka kai ƙara Amurka a madadin iyayen a shekarar 2001, aka yi ta korar ƙarar ana maido da ita, har a 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara ta can ta ce a saurare su. A nan gida kuma, a 2007 Gwamnatin Jihar Kano ta kai ƙara a Kano, Gwamnatin Tarayya ta kai tata a nan Abuja. A 2009 aka yi sulhu da Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 domin waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 domin ayyukan kiwon lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai a 2011 aka fara biya, iyali huɗu suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan an yi gwajin ƙwayoyin halitta an tabbatar 'ya'yansu ne. Shekara 15 ke nan. Yaron da aka ba maganin yana goye, da ya rayu da ya isa shiga sakandare kafin kuɗin ya zo. Lalle an daɗe, kuma har yanzu akwai masu kukan ba a biya su ba, amma ku tambayi kanku abin da za su samu da ba wanda ya kai ƙara. Ban da kuɗi ma, ku tuna yadda mutanen Kano suka ƙi allurar shan inna a 2003. Cikin dalilan da suka riƙa bayarwa har da wannan gwaji, domin amana in ta zube ba a nan take ake kwashe ta ba.

Ɗaya daga cikin lauyoyin da suka tsaya wa gwamnati a wannan shari'a shi ne Babatunde Irukera, wanda ya yi aikin lauya a Amurka da Nijeriya. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar kare haƙƙin masu saye a nan Abuja, ya riƙe ta har farkon 2024. A zamaninsa ne, a 2018, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majinyaci. Takardar ta tara abubuwan da dokoki suka riga suka ba mai ciwo, kamar a bayyana masa ciwonsa da maganinsa cikin harshen da ya ke ji, a gaya masa kuɗin kafin a yi, a rufa masa asiri, a kuma bar shi ya kai kuka in an cuce shi. Abin da ya sa na kawo tarihin mutumin nan shi ne ku ga inda irin wannan aiki kan kai mai yinsa: ya fara da shari'ar yara 200, ya ƙare da rubuta ƙa'idar da ta shafi kowane asibiti.

Na san abin da waɗansu za su ce, don na sha ji a ɗakin kwana da wurin cin abinci. Cewa za su yi ajali ne, in kwana ya ƙare ko likitan duniya duka aka tara ba su iya ƙara masa sa'a ɗaya. Wannan gaskiya ne, ba Musulmi ko Kirista da zai musa. Amma yarda da ƙaddara ba ta taɓa hana bin haƙƙi ba. Tun kafin Turawa su zo, alƙalanmu sun san diyya, raƙumi 100 ko dinari 1,000 a kan ran da aka kashe bisa kuskure, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe tsakanin gwanin da ya yi aikinsa yadda ya kamata abin bai yi kyau ba, da wanda ya tsoma hannu cikin magani alhali bai san shi ba. Wanzamin da bai iya ba ya yi wa yaro kaciya ya lalata, ba cewa ake yi ajali ne a tashi ba. Dokar da muka gāda daga Ingila ita ma kusan nan ta dosa. A 1932, cikin shari'ar wata mata 'yar Sikotilan da ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen katantanwa cikin kwalbar lemo, alƙali Lord Atkin ya kafa ƙa'ida cewa kowa ya kula kada aikinsa ya cuci maƙwabcinsa, maƙwabci kuwa shi ne duk wanda aikinka zai iya taɓawa. Likita da direban tirela da mai haƙa rijiya duk ƙa'ida ɗaya ce ta hau kansu.

Waɗansu kuma cewa za su yi, ai in muka buɗe wannan ƙofa sai mu zama kamar Amurka, inda lauya ke liƙa hotonsa a bakin hanya yana kiran wanda mota ta buge, ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na abin da aka samu, likita kuma ya riƙa sa a yi gwaje-gwajen da ba a bukata don tsoron ƙara. Suna kuma cewa likitocinmu kaɗan ne, kullum ficewa su ke yi zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada, wanda ya rage yana duba mutum ɗari a yini, wani lokaci da fitilar waya ya ke ƙarasa aiki. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma fa mu duba inda mu ke tsaye. Mu ba yawan ƙara ne ke damunmu ba, wuyar cin ƙara ce.

Ga misali. Wata mata aka yi wa aikin ciki a asibitin koyarwa na Benin, allurar ɗinki ta karye aka bar guntunta a cikin cikinta. Ta bi shari'a fiye da shekara 10 har Kotun Ƙoli, a 2006 kotun ta ce ba ta tabbatar da sakaci ba, domin allura kan karye ko a hannun gwani, ita kuwa ba ta kawo wani likita da zai rushe bayanin likitocin ba. Nan fa gizo ke saƙa. Kotunanmu suna bin ma'aunin da aka kafa a Ingila a shari'ar Bolam ta 1957, watau likita bai yi sakaci ba muddin akwai ƙwararrun likitoci da za su ce su ma haka za su yi. Saboda haka mai ƙara ba shi da mafita sai ya samo likitan da zai shiga kotu ya ba da shaida a kan ɗan'uwansa likita, abin da ba kowa ke yarda ya yi ba, balle a gari kamar Abuja inda manyan likitoci duk sun san juna. Lauyan da ya zaɓi wannan fanni dole ya koyi karanta katin asibiti kamar ɗalibin likita, ya yi haƙurin shekaru, sau da yawa kuma da kuɗin aljihunsa ya ke fara aikin, domin wanda ya zo masa ya riga ya ƙarar da abin hannunsa wajen jinya. Wanda kuɗi kawai ya ke so, shari'ar zaɓe ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba.

Sa'an nan kada a manta, yawancin lokaci ba likita ne lauya ke tonawa ba, asibitin ne. In mace ta rasu wajen haihuwa don ba jini a ma'aji, ko don injin wuta ba mai, ko don an ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa ta, laifin yana wuyan masu tafiyar da wurin. Hukumar da ba ta taɓa biyan diyya ba ba ta da abin da zai sa ta gyara injin. Ta nan likitan kirki shi ma yana cin moriyar ƙarar.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. Shekara ɗaya ko biyu nan gaba za a rarraba mu ƙauyukan Kwali da Abaji da Kuje da Bwari, in takarda ta zo daga asibiti, gidan malamin makaranta za a kawo ta a karanta. To, ya kamata Malam ya san cewa dokar kiwon lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin duba wanda aka kawo cikin gaggawa ko da wane dalili, wanda ya ƙi kuwa akwai tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyu. Ya san cewa tun 2017 akwai dokar da ta ce a karɓi wanda aka harba da bindiga ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Ya san cewa Hukumar Likitoci ta Ƙasa, wadda hedkwatarta ke nan Abuja, tana karɓar ƙorafi in an rubuta shi da rantsuwa, tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa mai ikon yi wa likita gargaɗi ko dakatar da shi ko soke sunansa gaba ɗaya, amma ba ta biyan diyya, wannan sai babbar kotu.

Abu ɗaya kuma da ya fi cin mutane shi ne lokaci. Akwai wata tsohuwar doka mai kare ma'aikatan hukuma, wadda ta ce wanda zai yi ƙarar ma'aikaci ko ma'aikatar gwamnati a kan aikinsu ya yi cikin wata 3, in ba don waɗansu dalilai ƙalilan ba. Ku auna da al'adarmu: a yi zaman makoki, a yi sadakar bakwai, a jira arba'in, matar mamaci tana takaba wata huɗu da kwana goma, dangi kuwa suna jin kunyar tayar da magana kafin ta fita. Ran da aka taru aka ce to, a je a ga lauya, sai a tarar ƙofa ta riga ta rufe. Ni da za a ji tawa, da Majalisar Tarayya ta cire ƙarar rauni da ta asarar rai daga cikin wannan doka. Kafin a yi haka, ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su gayyato mana lauya ɗaya da likita ɗaya a zangon karatu mai zuwa, a zaunar da su a babban ɗakin taro rana ɗaya, mu yi musu tambayoyi kafin mu fita koyarwar gwaji.