Kada Mu Yar da Radiyo Mai Kamo Nesa

Ƴan'uwa masu karatu, ku ɗauko akwatin radiyon gidanku, ku dubi gabansa da kyau. Za ku ga layukan lambobi. Layi guda an rubuta FM. Wani an rubuta AM ko MW, wani kuma SW. Yawancinmu yau layin FM kaɗai muka sani. Samari ma sun bar akwatin, sun koma ga salula. To, ni ga ra'ayina: a gari kamar Hawandawaki, bai kamata gida ya rasa radiyo mai AM ba. Kuma a kowane gida ya kamata a samu mutum guda, namiji ko mace, da ya iya neman tashoshin nesa da dare. Ku saurari dalilaina.

Da farko mu gane yadda abin yake. Muryar FM kamar hasken tocila take. Tana tafiya miƙe, in ta yi ƴan gomomin kilomita sai ta ƙare. Shi ya sa in kun yi nisa da Tasawa ko Maraɗi kuke jin tashar tana yankewa. Muryar AM kuwa, wadda ake ce wa matsakaicin zango, hanya biyu take bi. Guda tana bin ƙasa, guda tana hawa sama.

Can sama, wajen kilomita 60 zuwa 90 bisa kanmu, akwai wani shimfiɗin iska da hasken rana ke tayarwa. Da rana shi ke shanye muryar da ta hau. In rana ta faɗi sai ya kwanta. Daga nan muryar ta wuce, ta kai wani shimfiɗin da ke kilomita 100 ko fiye, ta bugu, ta dawo ƙasa kamar amsa-kuwwa. Inda za ta faɗo yana iya zama ɗaruruwan kilomita daga inda ta taso, wani lokaci ma dubbai. Wanga shi ne dalilin da ya sa layin da ke shiru da azahar yake cika da muryoyi bayan lisha: Hausa daga kudu, Larabci daga bayan hamada, da harsunan da ba mu taɓa ji a kasuwa ba. In kuma kun ji muryar tana zuwa tana komawa, ba akwatinku ne ya lalace ba. Shimfiɗin saman ne ba ya zama wuri guda.

Akwai mutane a duniya da suka mai da wanga abu sha'awarsu. Wasu suna biyan kuɗi masu yawa su tafi ƙananan tsibirai na Tekun Fasifik, wato tekun da ya fi kowane girma, irin tsibiran Kuk. Da dare sai su zauna bakin ruwa da ɗan akwati, su kamo tashoshin Amurka, Ostareliya da Japan, daga nisan dubban kilomita. Abu biyu ke taimakonsu. Ruwan gishiri yana ɗaukar muryar da kyau, kuma wurin ba shi da hayaniyar na'urorin lantarki. Mu ba mu da teku, yashi gare mu, shi kuwa yashi ba ya ɗaukar murya sosai. Amma shirun nan da suke saye da kuɗi, mu kyauta muke da shi a gonakinmu da ƙauyukanmu. Mutumin birni, da wayoyin wuta ko'ina bisa kansa, ba ya samun abin da kuke samu.

Iyayenmu sun san wanga hanya. An buɗe gidan radiyon Nijar a 1958, ya koma Muryar Sahel a 1974. Radiyon Kaduna ya soma a 1962, zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Masu saurare sun san shi a lamba 594 a layin AM, da mita 49 a gajeren zango, wato SW. Sashen Hausa na BBC ya soma a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979. Tashoshin FM masu zaman kansu ba su zo Nijar ba sai cikin shekarun 1990. Ku duba fa: Kaduna ta fi kilomita 300 daga nan, Yamai ta fi 600, amma tsofaffinmu suna zaune bisa tabarma suna jin abin da ake ciki can. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka.

Wani zai ce: "Malam, wanga duk labarin da ne. Mine ne amfaninsa yanzu?" Ku tuna mu mutanen bakin iyaka ne. Muna riƙe da sefa, muna riƙe da naira. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Najeriya ta canza takardun naira, ta rufe iyaka, ta ba mutane ƙasa da sati biyu. A watan Oktoba na 2022 aka sake shelar canza takardun 200, 500 da 1000, aka sa wa'adin farko ranar 31 ga Janairu 2023. Irin wanga labari daga Najeriya yake fitowa. Wanda ya ji shi da wuri, ya ji ranar daidai, shi ke tsira da kuɗin geronsa da na akuyarsa. Wanda ya jira jita-jitar kasuwa, sai abin da ya gani.

Kada ku ce salula ta isa. Radiyon da ke cikin yawancin salula FM kaɗai yake kamawa. Sauran labarin kuma sai da rezo, sai da caji, sai da kuɗin kati. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, garuruwa da yawa sun ɗanɗana zaman duhu. Haka a ƙasar Tonga, cikin tekun nan na Fasifik: a watan Janairu na 2022 dutse mai aman wuta ya fashe, wayar intanet da ke ƙarƙashin teku ta tsinke, sai da aka yi wajen sati biyar kafin a gyara ta. A irin wanga rana, abin da ke aiki da pil biyu ya fi abin da ke jiran wuta da rezo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Gaskiya ne tashoshin AM sun ragu. Faransa ta rufe nata na gwamnati a ƙarshen 2015. Wasu na kusa da mu kuma yau suna aiki, gobe shiru. Muryar Amurka ma ta yi shiru a watan Maris na 2025, da gwamnatin ƙasar ta dakatar da ma'aikatanta. Amma ni darasin da na ɗauka shi ne: kada mutum ya rataya kunnensa ga tasha guda. Kowace tasha tana da mai ita, kuma mai ita yana da abin da yake so ku ji. In kun ji magana a tasha ukku da ba gari guda suke ba, kun ga inda suka haɗu da inda suka rabu, to da wuya a ruɗe ku.

Ga yadda za ku yi. Ku jira bayan magariba, ko ku tashi kafin asalatu. Lokacin ɗari ya fi kyau, don dare yana da tsawo kuma babu walƙiya. Ku nisanci injin wuta, moto mai aiki, abin cajin salula da ƙwan fitilar sola, duk suna sa ƙara. Ku sa maɓalli a AM. Lambobin suna tashi daga wajen 530 zuwa 1600, wasu akwatunan kuma 53 zuwa 160 aka rubuta. Ku murɗa sannu-sannu, kamar mai tsince tsakuwa cikin wake. In kun ji murya ƙasa-ƙasa, kada ku wahala da jan eriya, ita ta FM da SW ce. Ta AM wani baƙin sanda ne da ke kwance cikin akwatin. Don haka akwatin duka za ku juya, dama ko hagu, har muryar ta fito. In SW kuke nema, ku ɗaura siririyar waya mai tsawon mita 10 ga eriya, ku rataya ta bisa icce. Amma da hadari ya taso ku kwance ta, saboda tsawa.

Abu na ƙarshe shi ne aikinku, ku da kuka koyi karatu. Ku ware shafi guda cikin kayenku. Ku ja layi biyar: rana, awa, lambar tasha, harshe, da abin da aka faɗi. Kowane dare ku cika layi biyu ko ukku. In aka faɗi wa'adi ko farashi, ku rubuta lambar nan take, don kai yana mantuwa, takarda ba ta yi. Bayan wata guda ku kawo kayen aji mu gwada da na juna. Wanda ya samu tashar da ba mu sani ba, ya rubuta mana lambarta a allo, kowa ya kwafa ya kai gida.