Sharhi: Daga 069 Zuwa 02069, Abin Da Ya Kamata Mutanen Zazzau Su Sani

Idan ba a manta ba, a shekarar 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta ba da sanarwar sauya tsarin lambobin wayar girke a duk faɗin Nijeriya. An bar tsohon tsari da sabo suna aiki tare har zuwa 31 ga Disamba, 2023, sannan daga 1 ga Janairu, 2024 sabon tsarin ya kama aiki shi kaɗai. Abin da aka yi shi ne ƙara 02 a gaban kowace lambar yanki. Ta haka lambar Zariya ta tashi daga 069 ta koma 02069, ta Kaduna daga 062 zuwa 02062, ta Kano daga 064 zuwa 02064, ta Legas daga 01 zuwa 0201, ta Abuja kuwa daga 09 zuwa 0209. Lambobin da ke biye da na yanki suna nan yadda suke, kuma sauyin bai shafi wayar salula ba.

Dattawanmu na cikin birni, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, sun san darajar 069 a zamanin kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985. A wancan lokaci gidan da ke da waya a unguwa sananne ne, a can maƙwabta ke zuwa jiran kiran ɗan'uwa daga Legas ko Makka. Kafin 2001 layukan da ke aiki a ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agusta na shekarar ce kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula, Globacom ya biyo baya a 2003, waya ta shiga ƙauyuka, ita kuwa ta girke ta koma hannun ofisoshi da bankuna da manyan makarantu.

To, mene ne dalilin ƙarin? Lamba dukiya ce mai iyaka, kamar fili a cikin ganuwa. Lambar salula tana da alƙaluma 11, don haka kowace mafara irin 0803 tana ɗaukar layuka miliyan 10. Da ta cika sai a buɗe wata, shi ya sa muka ga 0806 da 0703 da 0813 da 0903 suna fitowa bi da bi. Ita kuwa 069 alƙaluma shida ne ke biye da ita, layuka miliyan ɗaya ke nan, alhali gurbin da ta tare zai iya ɗaukar miliyan 100 idan aka yi amfani da alƙaluma 11. A fahimtarmu, tara dukkan wayoyin girke a ƙarƙashin 020 ya samar wa ƙasa sarari domin gaba, ya kuma daidaita tsawon lambar girke da ta salula.

Wani zai ce, ina ruwan manomin Soba ko na Giwa da wayar girke, tunda salula ce a aljihunsa? Ruwansa yana nan a ranar da ya nemi ofis ko asibiti da lambar da ya kwafo daga tsohon allo ko tsohuwar takarda, kiran ya ƙi shiga, ya ɗauka an rufe layin, ya biya kuɗin mota ya taho gari kan abin da waya za ta iya yi masa. Haka nan 'yan'uwanmu da ke ƙasashen waje, yanzu sai su buga +234 sannan 2069, kafin sauran lambobin.

Saboda haka muna kira ga sakatarorin ƙananan hukumomi da shugabannin sassa da su binciki takardun wasiƙa da hatimi da allunan ofisoshinsu. Inda layin yake aiki a gyara lambar, inda ya daɗe da mutuwa a goge shi a sa wanda ake amsawa. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ma suna da rawar takawa wajen isar da bayanin nan ga jama'arsu a wuraren taro da ranakun kasuwa.

Bugu da ƙari, kada ganin kira mai farawa da 0201 ko 0209 ya tayar wa kowa hankali, lambar cikin gida ce. Amma 'yan damfara kan fake da kowane sauyi, su ce za su sabunta wa mutum layi. Wannan sauyi bai buƙaci mai salula ya biya ko kwabo ba, kuma babu wanda ya cancanci a ba shi lambar sirri ta katin banki ko BVN ta waya. Mai ƙorafi a kan kamfanin sadarwa ya fara kai wa kamfanin, idan bai gamsu ba ya kira NCC a 622 kyauta. Lambar neman agajin gaggawa kuwa, 112, tana nan ba ta sauya ba.